Romon ƙafar saniya da tsohon faifan CD: yadda za ka ga fatar ruwa tana sauya siffar abu mai laushi

Duk wanda ya taɓa buɗe tukunyar farfesun ƙafar saniya da asubar hunturu a Katsina ya san abin da zai tarar. Romon da aka bari jiya tsululu ya kama jikinsa, in ka taɓa tukunyar sai ya riƙa rawa. A gidana, kafin a mayar da shi wuta, cokali biyu nake roƙa. Fiziks nake koyarwa a wata sakandare a cikin gari, kuma ban samu kayan gwaji mai arha kamar wannan daskararren romo ba wajen nuna wa yara wani abu da littafinsu ya tsallake.

Littafi ya koya musu cewa saman ruwa a ɗame yake kamar fatar kalangu, kullum yana neman ya tsuke. Wannan shi ake kira safes tenshin, ni kuwa ɗamewar sama nake ce masa a aji. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne, daskararren abu ma yana da irin wannan fatar. A jikin ƙarfe ko gilashi ba ta da ta cewa, domin taurinsu ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Amma in abu ya yi laushi sosai, ko ya yi siriri sosai, sai ta samu bakin magana: ta shafe kaifin kusurwa, ta baje zane, ta naɗe leda, ta haɗe gashi. Gwaje-gwajen da ke ƙasa duk kan wannan kokawar suke, tsakanin fata mai son tsukewa da jiki mai son komawa yadda yake.

Lissafi ɗaya kafin ka taɓa komai

Ɗamewar saman ruwa mai tsabta, a zafin ɗaki, kusan niwton 0.072 ce a kowace mita (niwton ma'aunin ƙarfin ja ko turi ne). Taurin abu kuwa da faskal ake auna shi, kuma wannan awon tauri yana ɗauke da sunan Thomas Young, Baturen Ingilan da ya yi bayanin kusurwar da ɗigon ruwa ke yi a kan abu tun 1805. In ka raba ɗamewa da tauri, abin da zai fito tsawo ne. Ina kiransa awon rinjaye. Duk wata siffa da ta gaza wannan tsawo, fata ce ke mulkinta. Duk wadda ta fi shi sosai, jiki ne.

Ƙarfe yana da tauri wajen faskal biliyan 200, don haka awon rinjayensa bai kai girman ƙwayar zarra ɗaya ba. Roba mai taurin faskal miliyan 1 tana ba da kusan nanomita 70 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), ido ba zai gani ba. Daskararren romo mai faskal 1,000 yana ba da milimita 0.07, kaurin silin gashi ke nan. In ya sauka zuwa faskal 100, ka samu milimita 0.7, wanda ido ke gani ba tare da taimako ba. Saboda haka duk wahalar da za mu sha a gaba ta neman abu ce mai laushin da ya kusa zama ruwa amma bai zama ba.

Akwai na uku a wannan kokawa, wato nauyi. A ruwa, ɗamewa ba ta fin nauyi ƙarfi sai abu ya gaza wajen milimita 2.7. Shi ya sa raɓa ke zama ƙwallo a kan ganyen kabeji, ruwan kwano kuwa ya kwanta. Malmalar tuwo mai ruwa da ta baje a faranti nauyinta ne ya kwantar da ita, kada wani ɗalibi ya kawo maka ita a matsayin misali. Samfurinka ya zama ƙarami, milimita 3 ko ƙasa.

Kayan aiki: ƙafar saniya ɗaya, kyallen tata, ƙananan kofunan roba huɗu, sirinji na mililita 10 ba allura, sabuwar reza, burushin fenti mai laushi, farar leda siririya da ledar fiya wata, man gyaɗa, sabulun ruwa, gam na katako, salatif, faifan CD irin wanda ake ɗora wa kaya a kwamfuta, rula, kula da ƙanƙara, da wayar da kyamararta ke jawo abu kusa.

Mataki na 1: tabbatar akwai fatar

Wannan sananne ne, kada ka daɗe a kansa. Cika kwano da ruwa, ɗora reza a kwance a hankali, za ta zauna a sama tare da cewa ƙarfe ce. Duba gefenta, ruwan ya lotsa. Sa ɗan sabulu a ruwan, ka sake gwadawa, za ka ga zamanta ya yi wuya, domin sabulu kan sauke ɗamewar zuwa ƙasa da rabi. Kwanon da sabulu ya taɓa ka ajiye shi gefe, ya gama aiki a yau.

Mataki na 2: burushi

Riƙe burushi busasshe, gashinsa a baje. Tambayi yara me ke haɗe gashi, za su ce ruwa. To, nutsa shi cikin kofin gilashi mai ruwa su leƙa ta gefe: a jiƙe yake sharkaf, amma gashin a baje kamar da. Ɗago shi sannu a hankali. Da zarar ya keto saman ruwan sai ya tsuke ya yi tsini.

A nan nake tsayawa in bar aji ya yi gardama. Wata rana wata yarinya a layin baya ta ce, “Malam, ke nan sai ruwan ya haɗu da iska yake ja?” Ta gama darasin. Jan yana wurin da ruwa ya yi iyaka da iska, kuma tsakanin kowane sili biyu akwai 'yar wannan iyaka tana jawo su. Gemu bayan alwala haka yake yi, haka gashin kazar da ruwan sama ya doka. A 2004 José Bico da Benoît Roman da abokan aikinsu a Faris sun auna yadda siraran abubuwa ke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya ta wannan hanya. Maimaita gwajin da tsintsiyar kaba, za ka ga ko gezau, tsinkenta ya yi kauri.

Mataki na 3: leda ta naɗe ɗigo

Yanka farar leda siririya, murabba'i mai milimita 5 ko kusurwa uku. Yanka irinsa daga ledar fiya wata. Ɗora su a kan busasshen kyalle mai kaushi, domin a kan gilashi ko tebur mai santsi mannewa suke yi. Matso ɗigo ɗaya ya rataya a bakin sirinji, ka sauke shi a tsakiyar siririyar ledar. Jira ruwan ya fara ƙafewa, a iskar hunturu ba ya daɗewa. In kana gaggawa, zuƙe kaɗan da sirinjin. Kusurwoyin za su ɗago, su lanƙwaso, wani lokaci har su rufe ɗigon kamar ƙullin yaji. Ta fiya wata tana nan shimfiɗe.

Dalilin bambancin yana da ban mamaki in aka sa shi a lamba. Wuyar lanƙwasa abu tana tafiya da kaurinsa sau kansa sau kansa. Ninka kauri biyu, wuyar ta ninka 8. Ninka shi biyar, ta zama 125. Abin lura kuma, leda ba ta da laushi irin na romo, sirantaka ce ta kayar da ita. Masu bincike a Faransa sun nuna wannan naɗi a 2007 da siraran fallayen silikon, wata irin roba mai laushi, inda siffar da aka yanka ke tantance ko dala za a samu ko akwati ko bututu.

In ledar ta ƙi motsi, ka yanka mafi girma kaɗan ko ka nemo mafi siriri. In ta maƙale a yatsa tana binka, wannan lantarkin gogayya ne da ke yawa a rani, ka yi amfani da tsinken sakace.

Mataki na 4: dafa romon

Ranar farko da na je sayen ƙafar, na ce a ba ni ɗaya kuma kada a sare ta ƙanana, sai mahaucin ya dube ni: “Malam, ƙafa guda mi za ta yi ma iyali?” Na ce ta makaranta ce. Ya ce, “To Allah shi ba da ilimi mai albarka,” yana dariya.

Wanke ta sosai. Dafa ta a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba yaji, wuta kaɗan-kaɗan, awa 4 zuwa 5, kana ƙara ruwa in ya ja. Abin da kake fitarwa jelatin ne, sinadarin da ke sa romo ya daskare, daga fata da jijiyoyi. Tace da kyalle sau biyu, bari ya huce, sa a kula. Kitse zai taru a sama ya yi fari, kwashe shi tas. Kada ka yi ganda a nan, domin kitse yana zama a sama ne, kuma saman shi ne abin da muke nazari.

Narkar da shi da ɗan ɗumi, ka raba da sirinji. Kofi na 1 romo zalla. Na 2, romo ɗaya ruwa ɗaya. Na 3, romo ɗaya ruwa biyu. Na 4, ɗaya da uku. Rufe su saboda ƙura, su kwana a kula da ƙanƙara. Jelatin yana ci gaba da ƙara tauri awanni bayan ya kama, don haka dukkansu su kwana tare, a gwada su tare. Da safe wataƙila na 4 bai kama ba. Ba asara, zubar. Wanda kake nema shi ne mafi rauni cikin waɗanda suka kama, wanda in ka karkata kofin zai yi kamar ya zubo amma ya tsaya.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Jelatin yana narkewa tsakanin digiri 30 da 35, mai ruwa da yawa ma tun kafin nan. A Afrilun Katsina, da zafi ke kai 40, shekarar farko na shiga aji da kofunana na tarar da miya. Yara suka sha dariya, wani ya ce a kawo tuwo. Tun daga nan Disamba da Janairu nake yin wannan darasi, a fiyriyod na farko, kofunan suna zaune a faranti mai ƙanƙara. Wanda ke da hanya da ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta ya nemi garin aga. Daga ciyawar teku ake yinsa, sai wajen digiri 85 yake narkewa, zafinmu ba ya damunsa. Aibinsa shi ne yana tsatso ruwa a jikinsa.

Mataki na 5: auna taurin

Daga kofi na 1 ko na 2 yanka ɗan dunƙule mai santimita 2 ta kowane gefe. Ɗora masa marfin roba marar nauyi, tsayar da rula a gefe, ɗauki hoto. Zuba ruwa mililita 10 a marfin, wato giram 10, kusan niwton 0.1. Sake hoto daga wuri ɗaya, wayar a jingine.

A ce ya lotsa da milimita 2. Faɗin samansa santimita murabba'i 4 ne, wato 0.0004 a mita murabba'i. Raba 0.1 da wannan, ka samu faskal 250. Lotsawar kashi 1 cikin 10 ce ta tsayinsa, saboda haka ka ninka 250 sau goma, taurin ya kama faskal 2,500. Ɗamewar saman romo ta ɗan gaza ta ruwa saboda furotin, amma mu ɗauki 0.07 don sauƙi. Awon rinjayensa kusan milimita 0.03 ke nan. Lissafin kintace ne, ba na shiga mujalla ba, amma ya isa ya gaya maka cewa a wannan kofin ba za ka ga komai da ido ba, sai ka sauka zuwa mai rauni.

Mataki na 6: kusurwa

Wannan ne zuciyar aikin. Sanyaya reza a ƙanƙara, yanka ɗan dunƙule mai milimita 3 daga kofi na 1, da wani daga mafi rauni. Na biyun zai ba ka haushi, yana zillewa, yana bin reza. Yi haƙuri, ka yanka goma ka zaɓi ɗaya. Ɗora su a kan baƙin abu mai sanyi, haske ta gefe, ka jawo su da kyamara.

Na farko gefensa da kaifi kamar sukari mai iyali. Na biyu kusurwoyinsa sun dakushe, ya yi kama da sabulun da aka fara wanka da shi. Reza ɗaya ce ta yanka su. Fata ce ta ja kusurwar ciki, domin kusurwa mai kaifi tana cin faɗin sama da yawa, jikin kuma ba shi da ƙarfin hana ta sai an kai nisan awon rinjaye.

Ɗalibi mai kaifin kai zai ce nauyi ne, ko narkewa ya fara. Ya yi daidai da ya tambaya, ga yadda za ka amsa masa. Sa dunƙulen cikin man gyaɗa mai ɗan sanyi. Nauyin mai ya kusa na ruwa, don haka ya ɗauke wa romon mafi yawan nauyinsa, amma tsakanin mai da romo akwai sauran ɗamewa, ko da ba ta kai ta iska ba. Kusurwar za ta ci gaba da zama a dakushe. Sa wani dunƙulen cikin ruwan ƙanƙara. Romo kusan dukkansa ruwa ne, ruwa ya haɗu da ruwa, fatar ta tafi. Kusurwar za ta ɗan dawo da kaifinta. Duba cikin minti na farko, kafin ya fara shan ruwa ya kumbura.

Wannan dawowa ita ce shaidar. Abin da ya narke ba ya tuna siffarsa. Ɗigon ruwa zai bi fata har ya zama ƙwallo, daskararren abu kuwa yakan bi ta zuwa wani wuri ya tirje, in aka sake shi ya koma.

Mataki na 7: bakan gizo a faifai

Ga wanda yara suka fi so. Launukan da ke walƙiya a faifan CD daga wasu siraran layuka suke fitowa, tazarar kowane da na kusa da shi maikiromita 1.6 ce (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya). Karce gefen da ake rubutu da reza, manna salatif, ka fizge. Fentin da azurfar za su biyo shi, su bar roba garau mai layukan a fili. Kada ka taɓa wurin da yatsa.

A gefe ɗaya shafa gam na katako, ya kwana biyu ya bushe ƙarau. A ɗaya gefen zuba romon kofi na 1, ya kama a kula. Ɓamɓare su a hankali, ka juya fuskar da ta taɓa faifan zuwa hasken tocila. Gam zai nuna launuka, ya kwafi layukan kuma taurinsa ya riƙe su. A romon, launin zai dusashe ƙwarai ko ya ɓace. Shi ma ya kwafa lokacin da yake manne, amma da ya haɗu da iska sai fata ta baje su, tunda awon rinjayensa ya ninka tazarar layukan sau da yawa. Ka tabbata dai fuskar romon ba ta yi gumi ba, domin ruwa ma kan cike layukan ya ruɗe ka. Shi ya sa ban son aga a wannan matakin.

Wanda ban ba ka shawarar gwadawa da romo ba

In ɗigo ya zauna a kan abu mai laushi, bakinsa yana jan abin sama, ya tayar da ɗan tudu zagaye da shi, tsayinsa kusan awon rinjaye. A kan tudun, ƙarfi uku ke daidaita juna, irin daidaiton da ke ɗauke da sunan Franz Neumann na Jamus, kuma tudun ne ke sa ɗigo tafiyar hawainiya a kan abu mai laushi. Da silikon mai taushi da madubin ƙara girma ake ganinsa. Romo shanye ɗigon yake yi ya kumbura, sai ka ga tudu ka yi murnar banza.

Haka zancen zare. Ja yauƙin kuɓewa tsakanin yatsu biyu, za ka ga zaren ya yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Joseph Plateau na Beljiyam da Lord Rayleigh sun yi bayanin yadda zaren ruwa ke tsinkewa ya zama ɗigo tun ƙarni na 19. A 2010 Serge Mora da abokansa a Faransa suka nuna cewa siririn sandan aga daskararre ma yana yin wannan kumburi da tsukewa in laushinsa ya kai, sai dai ba ya tsinkewa. Yauƙin kuɓewa ruwa ne, ka nuna shi a matsayin ɗan'uwa kawai.

In wani ya ce mene ne amfanin duk wannan, ka kai shi ɗakin jarirai bakwaini. Ƙananan jakunkunan iska na huhu masu laushi ne kuma a jiƙe suke, ɗamewar ruwan tana neman manne su. Jiki yana yin wani sinadari mai aiki irin na sabulu da ke sassauta ta, bakwaini kuwa sau da yawa bai gama yinsa ba, shi ya sa numfashi ke yi masa wuya. Masu ƙera ƙananan sassan kwamfuta ma suna fama da ita, siraran ginshiƙai kan manne da juna wajen bushewa kamar gashin burushin nan.

Romon ba ya wuce kwana biyu ko a kula, bayan nan wari zai kore ku daga ajin. Wanda ya taɓa reza da faifai da hannun yara a zubar da shi. Rezar kuma a hannunka za ta tsaya, ka ƙirga su kafin ka fita.